Kazata ta ƙi fita daga akurki, ciwo ne ko me?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu kiwo ku taimaka min. Kaji 4 gare ni a gida, ba na sayarwa bane, yara ne suka shaƙu da su har suna suka raɗa musu, wannan da nake magana Goshi suke ce mata. Yau kwana 5 kenan ta lafe a akurki bata fitowa sai sau ɗaya a wuni, ta ɗan tsattsagi dusa ta sha ruwa tayi wani uban kashi mai wari ta koma, in ka kai hannu sai ta kumbura gashi ta kawo maka sara. Ƙwai ma ta daina. Jiya da na ɗaga ta naga ƙirjinta ba gashi, zankonta ya ɗan koɗe, ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige gefen ido. Maƙwabciyata tace in fasa kafso ja da yalo in zuba mata a ruwa amma wallahi hankalina bai kwanta ba. Ƙaramar yata tun safe take kuka wai Goshi zata mutu.

Baba Mai Kaji:
Wa alaikumus salam. Yata ki kwantar da hankalinki ki rarrashi jikata, wannan kwanci ne ba ciwo ba. Duk abinda kika lissafa haka kaza mai kwanci take, gashin ƙirjin ma ita ke fige shi da kanta don ɗumin jikinta ya taɓa ƙwai kai tsaye, kashin nan kuma tara shi take don kar ta ɓata wurin kwanciya shi yasa yake fita da yawa haka. Kazar da ciwo ya kama bata da ƙarfin sarar ki, zaki ganta ne a tsaye a lungu fiffike a sake ido a lumshe tana gyangyaɗi.

Kina da zakara? In akwai ki bar mata ƙwai kamar 8 zuwa 10, kwana 21 zata ƙyanƙyashe. In babu to wahalar banza take, ki kwashe ƙwan ki fito da ita ki sa ta a keji mai waya a ƙasa inda iska zata riƙa ratsa cikinta, da ruwa da abinci, a inuwa, kwana 3 haka yawanci take saki.

Ɗan Kiwo:
Baba ya faɗi gaskiya amma Hajiya ni ɗige-ɗigen nan na gefen ido suka tsaya min. Ki duba da kyau, in a manne suke da fata kamar an watsa mata garin barkono baƙi to ƙuma ce, jini suke sha, kuma kaza mai kwanci tafi kowa shan wahalarsu tunda wuri ɗaya take zaune bata birgima a ƙasa. Ki shafa Vaseline a kansu a hankali kar ya shiga idon, ki maimaita kwana biyu uku zasu mutu. Sai dai in baki gyara akurkin ba dawowa zasu yi don a ƙasa da shara suke hayayyafa, ki share tas ki ƙone sharar, sannan ki ajiye musu yashi da tokar itace a busasshen wuri su riƙa wanka. Da daddare kuma ki haska tocila a tsagogin katako, akwai wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari da basa fitowa sai dare.

Maganar ja da yalo dan Allah ki barta, baya kashe ƙuma baya hana kwanci, ga shi yana fita a ƙwan da yaranki zasu ci. Kuma kar wani yace ki fesa mata Sniper ko kananzir ko baƙin mai, ni da kaina na rasa kaza a haka lokacin ban sani ba, har yau abin yana min ciwo.

Yar Zariya:
Anti ki lura da sauran ukun ma tunda hunturu ya shigo, lokacin Niyukasil ne, cutar nan mai yaɗuwa tana kashe kaji. In kinga kashi kore, numfashi da ƙyar, ko wuya ya murɗe, wannan ya wuce na gida, ki ware ta maza ki nemi likitan dabbobi. Ita bata da magani sai rigakafi, Lasota, a ruwan sha ko a ɗiga a ido, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos ma suna haɗa shi. Namu duk wata 3 muke musu.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai. Ƙuma ce kuwa, har a haɓarta na gani, na shafa Vaseline ɗin mun share akurki ni da yara. Zakara kam bamu da shi amma ƙanwar maigida ta aiko da ƙwai 7 na kajinta na sa mata, na ɗiga musu biro don in gane su. Yar Zariya rigakafin nan ana yi wa mai kwanci ko sai ta ƙyanƙyashe?