Publisher zai daina samun kulawa: shawarwarin da masu buga takardu suka bayar

Microsoft ta sanar cewa daga Oktoba 2026 ba za ta ƙara kula da Publisher ba, wato manhajarta ta tsara takardun bugawa. Da aka tattauna batun da masu shagunan buga katin biki da kalanda, an fara da kwantar da hankali: wanda ya sayi tasa da biya sau ɗaya, manhajar za ta ci gaba da buɗewa a kwamfutarsa. Sai dai babu sauran gyara, babu toshe kafar tsaro. Masu biyan kuɗin Microsoft 365 wata-wata ko shekara-shekara kuwa za a cire musu ita ɗungurungum.

Abin da aka fi jaddadawa, kuma ni ma nan na tsaya, shi ne tsofaffin fayilolin .pub, wato waɗanda aka yi da Publisher. A mayar da su PDF tun yanzu, a ajiye hotuna da rubutun daban, domin PDF ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Manhajar LibreOffice Draw tana buɗe fayilolin .pub, amma shafi kan jirkice. Wani ya ja kunne a duba ƙ da ɗ da ɓ bayan an sauya, don sukan koma akwati idan salon harafin ya canza.

Sabon aiki kuwa, wasu sun ce a koma manhajar CorelDRAW, wasu kuma Scribus, tunda ita kyauta ce.