"Taron tsintsiya ba shara": wa ya faɗe ta daidai?

Bakano a Sakaramento:
Salamu alaikum jama'a. Ku zo ku raba mana gardama, karin maganar nan ta hana gidana sakat.

'Yata tana babbar sakandare, tana cikin wata ƙungiyar ɗalibai ta aikin sa kai da ake kira Key Club. A nan garin aka kafa ta a 1925, ƙarƙashin ƙungiyar manya ta Kiwanis. Duk kaka reshen da ya haɗa Kalifoniya da Nebada da Hawayi yakan yi gangami, na arewa a filin wasannin Six Flags da ke Vallejo, na kudu can wajen Los Anjalas. Kafin ranar, yara sun yi makonni suna wankin mota a bakin titi, suna sayar da kek da lemo, suna tara kuɗi. Kuɗin na yaran da suka ji munanan raunuka ne, haɗarin mota, faɗuwa daga keke da makamantansu. Ana ba asibitocin yara don horar da ma'aikata da sayen kayan aiki, ana kuma raba wa yara hular kwano.

Ranar gangamin kuwa kowace shiyya da launinta da dabbar da ta ɗauka tambari. Su shafa fenti a fuska, su yi ta kirari suna buga ƙafa, shiyyar da ta fi murya da haɗin baki a ba ta wata sanda da aka yi wa ado. Har gwanjon shugabanninsu suke yi, a tsayar da yaro a gaba shiyyoyi su yi ta tayawa da abin da suka tara, kuɗin duk asusu ɗaya suke zuwa.

'Yata ta dawo murya a dushe, kumatu shuɗi. Yayana da ya zo mana ganin likita ya kalli bidiyon a wayarta, ya ajiye, ya ce "taron tsintsiya ba shara." Uwargida daga kicin ta ce "Yaya, ai an yi sharar kafin a taru." Ya ce ba ta san karin magana ba. Tun daga nan gaisuwar safe ta koma a taƙaice. Wa ke da gaskiya?

Badamagare:
Bakano ya je Amurka ya tarar ana gwanjon mutane. Malam faɗi gaskiya, ba karin magana ce ta dame ka ba, so kake ka ji ko da riba ka shiga.

Bakano a Sakaramento:
An fara. Ku da har yanzu kuna lissafin sefa da dala-dala.

Malamar Firamare:
Uwargida ce da gaskiya, a gaya wa Yaya ya yi haƙuri. Inda na taso ana faɗarta ne ga gida mai 'ya'ya goma amma uwa ce ke ɗebo ruwa, ko kwamitin unguwa da ke zama duk Lahadi kwata tana nan a toshe. Sharaɗinta shi ne a duba ƙasa a ga babu sharar sam. To nan an wanke motoci, an tara kuɗi, an kai asibiti. Ina ta shiga?

Tsohon Ɗan Agaji:
Malama, da girmanki, ba haka na ji ta ba. Mu abin da muka ɗauka shi ne tara tsintsiya daban, shara daban, kada mutum ya ga tsintsiya jibge ya zaci an gama aiki. A kan wannan Yaya bai yi kuskure ba. Na yi shekaru cikin kaki. Ranar fareti, ga usur ga sabon takalmi, fili ba masaka tsinke. Ranar da tirela ta faɗi a babbar hanya aka ce a zo a kwashi gawa, waɗanda suka zo ba su cika mota ɗaya ba. A tambayi yarinyar, duk waɗanda suka shafa fenti sun riƙe soso ranar wankin mota?

Bakano a Sakaramento:
Na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce a'a, wasu don lilo da hoto suka je. Amma ta ce su ma sun sayi tikiti, kuma ba don ihun ba da rabin 'yan ajinsu ba su shiga ƙungiyar ba tun farko.

Tsohon Ɗan Agaji:
To ka gani.

Malamar Firamare:
Me ya gani? Ai ni ta ƙarfafa.

Almajirin Zaure:
Allah ya sa mu dace. Aya ta 271 a Baƙara ta ce in kun bayyana sadaka madalla, in kun ɓoye kun ba matalauta shi ya fi muku alheri. Ke nan bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa dai ta fi. Abin tsoro shi ne riya, ita kuwa a zuci take, ba a ganinta a bidiyo. Ni abin da zan tambayi Alhaji shi ne cakuɗuwar maza da mata, da inda yarinya ta yi sallarta ranar.

Bakano a Sakaramento:
Allah ya gafarta Malam, da mayafinta ta je, da malaman makaranta da iyaye a motar. Ta ce ta yi azahar da la'asar a gefen wurin ajiye motoci.

Ɗan Adaidaita:
Ni dai na leƙo na ga ana ta tsintsiya tsintsiya, na zaci an buga gangar kamfe, har na ɗauko buhuna.

Badamagare:
Ku ai kun ga taron tsintsiya na gaske. An cika fili, an ɗaga ta sama, ana ta kaɗawa. Tsintsiya a sama ina za ta yi shara?

Ɗan Adaidaita:
Ta yi mana. Leƙa aljihuna ka ga tsabta. Kuma kafin ka ce wani abu, masu lemar ma ruwa ya dake mu muna ƙarƙashinta.

Malamar Firamare:
Don Allah kar ku ja a rufe mana zaure.

Ɗan Adaidaita:
Ban kama suna ba Malama. Amma ki duba, yaran can abin da suka taya a gwanjo shi suka biya, don yana hannunsu tun kafin su buɗe baki. Mu nan a zo ƙaddamar da gidauniyar makaranta, babban baƙo ya karɓi lasifika ya ce miliyan kaza, maroƙi ya tsage maƙogwaro, a yi tafi. Shekara ta zagayo shugaban makaranta na ta sintiri a ƙofar gidansa, mai gadi na cewa ya yi tafiya.

Jikar Inna:
Ku ba ni wuri in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta, don ita wannan karin maganar ba ta rabuwa da bakinta.

A wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, tun ana kashe sule da sisi, kafin naira ta zo a 1973. Bayan an gama kaka, hunturu ya shigo, gobara ta cinye rumbun wata tsohuwa ƙurmus. Ɗanta guda ya tafi cirani Kurmi, ba labari. Da safe maza suka taru a ƙofar gidan mai gari, aka yi jaje, aka ce Allah ya mayar da alheri, aka shafa fatiha, kowa ya kaɗe rigarsa. Inna ta ce ko zangarniya ɗaya ba wanda ya ajiye.

Lokacin ita budurwa ce, ita ke ba da waƙa a dandali. Sai suka haɗa baki da ƙawayenta, suka kira mai kalangu daren kasuwa, suka ajiye sabuwar ƙwarya a tsakiyar fili. Doka ɗaya ce: duk saurayin da ke son a sa sunansa a waƙa, ko budurwarsa ta shiga fili, sai ya jefa. Aka fara da kwabo da ahu. Can wani ɗan mahauci daga unguwar yamma ya ɗaga sule sama kowa ya gani, ya sake shi cikin ƙwarya ya yi ƙara. 'Yan matan yamma suka ɗau guɗa. Ɗan sarkin noma na unguwar gabas ya rasa inda zai sa kansa, ba shi da sule. Sai ya ɓace. Jim kaɗan sai ga shi da damin gero a ka, na ubansa, ya zo ya jibge gaban mai kalangu, ƙura ta tashi. Shi ke nan fa, gabas da yamma aka shiga gasa. Kasuwa uku ana yi. Inna ta ce ita muryarta ta tafi tun daren farko, da hannu take ba da amshi.

Liman da ya fito asuba ya ga filin duk sawun ƙafa da ɓawon gyaɗa, ya ce taron tsintsiya ba shara. Maganar ta zaga gari.

Aka zo rabo, mai kalangu ya ce sai an ba shi kasonsa, shi ba sadaka ya zo yi ba, fatar kalangu da kuɗi ake saye. Aka yi ta ja, aka ba shi. Aka ɗauki sauran aka kai wa tsohuwa. Ta leƙo ta ga dammuna, ta tambayi daga ina, aka gaya mata. Ta ce wallahi ba za ta ci geron rawa ba, ita da ke jiran kabari. Ta ja ƙyaure.

To sai gwaggon Inna ta ce a kai ɗakinta. Ita ce ta riƙa sussukawa tana aunawa a ƙwarya, duk bayan kwana biyu ta kai wa tsohuwar da magariba ta ce zakka ce daga wajen Liman. Da wannan geron ta kai damina. Har ta rasu, duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta sa wa Liman albarka. Shi kuwa Liman, in ta aika a yi masa godiya, sai ya ce "madalla, Allah ya karɓa."

In Inna ta zo nan sai ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ita kuma in ta ce taron tsintsiya, mazan ƙofar mai gari take nufi.

Ɗan Adaidaita:
Wannan Liman da yanzu ne da ya kafa allo a jikin rumbun da hotonsa, an rubuta aikin mazaɓa.

Almajirin Zaure:
A'a, a yi wa Liman adalci. Da ya ce ba shi ba ne, tsohuwa ta daina ci ta kwana da yunwa. Rufin asiri ya yi. Kuma "Allah ya karɓa" ba ƙarya ba ce, bai ce daga wa ba.

Malamar Firamare:
Malam kullum kuna kare junanku. Ya zagi taro da safe, ya karɓi godiyar taro da yamma.

Tsohon Ɗan Agaji:
Ni a labarin nan gwaggo na gani. Ita ce ta yi shara. Ba kalangu, ba guɗa, ita da turmi da ƙwarya har damina.

Jikar Inna:
Baba, gwaggo me za ta sussuka in ba a yi rawar ba?

Badamagare:
Ku bar wannan. 'Yar'uwa, wa Inna ta aura, mai sule ko mai dami?

Jikar Inna:
Mai kalangun.

Badamagare:
Allahu akbar! Ya karɓi kasonsa ya haɗa da mai waƙar. Wannan ko tantama babu asalinsa Bakano ne.

Nas a Zariya:
Na makara, ina aikin dare. Da na ga sunan Kiwanis sai na tuna. Su ne suka haɗa hannu da UNICEF a 2010 kan cutar sarƙe haƙora ta jarirai da masu jego, suka sa burin tara dala miliyan 110, kuma irin waɗannan yaran na sakandare suna cikin masu tarawa, har da yawo gida-gida da ɗan akwati a daren Halowin, wani bikinsu na shekara-shekara. Wanda bai taɓa ganin jariri ɗan kwana bakwai ya kasa kama nono ba, jikinsa ya sandare, don an yanke cibiya da tsohuwar reza, ba zai gane darajar allurar nan da ake yi wa mai ciki ba. Ni in ihu da fenti ne zai kawo ta, a ba ni fentin in shafa.

Badamagare:
Mu Nijar tun 2016 aka tabbatar mun kawar da cutar. Ina dai faɗa ne, ban ce komai ba.

Nas a Zariya:
Ka faɗa ɗin, gaskiya ce. Mu arewa muna nan muna fama.

Tsohon Ɗan Agaji:
Ba wanda ya ce kuɗin ba su da amfani, 'yata. Tambayar ita ce ma'anar karin magana, kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba. In Malama ce da gaskiya, to ba a faɗarta sai an tabbatar ba a yi komai ba. In ni ne, gargaɗi ce, ana iya faɗarta tun taro bai watse ba.

Malamar Firamare:
Gargaɗi da wannan muryar? Baba ka taɓa jin an faɗe ta ba tare da an taɓe baki ba?

Uwar Biyu:
Ni a gidanmu kishiyoyi ake yi wa ita. Mata huɗu, tsakar gida kaca-kaca, kowace na cewa ba ranar girkinta ba ce. Ban taɓa jin an kai ta wajen taron maza ba sai yau.

Almajirin Zaure:
Na ji wani mai wa'azi ya yi ta a kan masu cika sahu ranar Idi, asuba kuwa sahu ɗaya ba ya cika.

Uwar Biyu:
To ka ji, kowa da inda take masa ƙaiƙayi. Ni tsintsiyar ma yanzu ta fi ƙarfina, ta laushi da nake saye ɗauri guda mai kauri, yanzu an raba shi uku kowane da kuɗinsa.

Ɗan Adaidaita:
Hajiya ki yi haƙuri zaɓe ya matso, kyauta za a raba ta, har da taliya da atamfa. Jikar Inna, kalangun kakanku yana nan? Akwai wani mai neman kujera a unguwarmu, yana biya a gaba.

Jikar Inna:
Yana nan a rataye, ɓera ya ci fatar. Kuma jikokinsa duk sun zama ustazai, ko taɓa shi ba sa yi.