Wai King James ne "na asali"?

Ɗan Kwaya: Jama'a ku ji min wannan. Jiya muna cikin sujada, fasto ya ce a buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Na ciro wayata na buɗe Baibul na Turanci na King James ina bi. Kawai sai wani dattijo ya dangwari kafaɗata ta baya, wai in ajiye waya, nan ba dandalin hira ba ne. A gaban mutane fa! Ni da nake karanta Littafi na asali, shi kuwa NIV, wata fassarar Turanci ta zamani, ce a hannunsa, wadda daga aya ta 36 sai ta yi tsalle ta dira a ta 38. Yaushe karatu a waya ya zama zunubi?

Maman 'Yan Biyu: Ayya, sannu ɗana. Ka yi haƙuri, ai babanka ne.

Ɗalibin Tauhidi: Tsaya ƙanena, me ka ce? Na asali? Da Ibraniyanci aka rubuta Tsohon Alkawari, sai ɗan abin da ke Aramaik. Sabon Alkawari kuma da Helenanci. King James fassara ce, a 1611 ta fito. Sarki James na Ingila ne ya amince a yi ta a taron Hampton Court na 1604, malamai wajen 47 suka kasu gida shida a Westminster da Oxford da Cambridge. Manzo Bulus bai taɓa jin Turanci ba.

Mai Shagon Caji: To ga su nan sun iso. Da an aika yaro makarantar fastoci sai ya dawo yana gyara wa iyayensa Baibul. In ba ita ce ta asali ba, wa ya cire aya ta 37? Na ga bidiyon a WhatsApp, har Matiyu 17:21 sun ɗauke, wadda ke maganar addu'a da azumi. Wa ke tsoron azumi in ba Shaiɗan ba?

Ɗalibin Tauhidi: Yaya, ba a cire ba, duba ƙasan shafin NIV za ka gan ta da ƙananan haruffa. Masu King James sun bi layin bugun Helenanci da wani malami mai suna Erasmus ya fara fitarwa a 1516, shi kuma 'yan kofe kaɗan ya samu, duk na baya-baya. Daga bisani aka koma ga tsofaffin littattafai irin Sinaiticus da Vaticanus, na ƙarni na 4, aka tarar aya ta 37, wato amsar da mutumin Habasha ya ba Filibus kafin baftisma, ba ta ciki. Ko lambobin ayoyin da kuke faɗa a kai, sai a 1551 aka sa su a Sabon Alkawari.

Mai Shagon Caji: Vaticanus? Ka ji ko? Daga jin sunan ma ka san inda aka nufa.

'Yar Legion: Ina aka nufa? Faɗa mana mu ji. Kullum sai kun jawo Katolika cikin rigimarku. Ku da kuke ihun 1611, kun san bugun farko da Afokirifa ya fito, wato littattafan da babu su a Baibul ɗinku na yanzu? Tobit da Makabiyawa suna nan tsakanin Tsoho da Sabon Alkawari. In asali kuke so, ku mayar da su.

Ɗalibin Tauhidi: Gaskiyarki. Kuma King James ɗin da ke yawancin wayoyi gyaran Oxford ne na 1769. Da za a ɗora muku rubutun 1611 yadda yake, ko layi uku ba za ku kai ba.

Mai Shagon Caji: Kai yanzu ka koma bayansu ke nan?

Baba Ritaya: Ku yara, da Turancin nan aka haife ku? Mu Littafi Mai Tsarki na Hausa muka tashi da shi. Tun 1932 aka buga shi cikakke, Likita Mila na Zariya yana cikin waɗanda suka sha wahalarsa. Iyayenmu da shi suka yi bishara ƙauye-ƙauye a kan keke. Nawa yana nan, bangon ya rabu, da zaren buhu na ɗinke shi. Wannan ne asali a wurina.

Ɗan Kwaya: Baba, da girmanka, ba maganar Hausa nake yi ba. King James tana da nauyi a baki, in ka karanta Zabura ta 23 da ita har tsigar jikinka sai ta tashi.

'Yar Legion: Nauyi ko burga? Duk wannan thou da thee ɗin, nawa ka gane? Kai da sai da ka maimaita Turanci a jarrabawar sakandare.

Ɗan Kwaya: Wa ya gaya miki? Ki kiyaye ni fa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai benci na uku nake zama, ina ganin allon wayoyinku sarai. Baibul a sama, sakamakon ƙwallo a ƙasa. Ran nan ana tsakiyar wa'azi wani ɗan kwaya ya ce "kash!" da ƙarfi, ashe an zura wa ƙungiyarsa ne.

Ɗan Kwaya: Mama, ba ni ba ne. Kuma zumuntar mata ma ai hotunan anko kuke turawa lokacin sanarwa.

Maman 'Yan Biyu: Ankon da mahaifiyarka ba ta gama biya ba? Kada ka sa in buɗe littafi.

Ɗan Kwaya: Har yanzu ba wanda ya amsa min. Daidai ne a kunyata ni a gaban ikilisiya?

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, ga inda muka tsaya. Kowa ya yarda King James ce ta fi cika, tunda ayoyinta ba su yi tsalle ba, ni ma ita nake riƙe da ita tun ranar aurena. Ɗalibinmu ya kawo shekaru da sunayen Turawa masu yawa, mun gode, amma bai nuna mana takardar ko ɗaya da idonmu ba. Maganar Afokirifa ba a nan ba. Batun waya kuwa, dattijo bai yi laifi ba, a zo coci da Littafi na takarda, King James in da hali, akwai saura a wurina ga mai buƙata. Wanda ya sake tayar da zancen anko zan cire shi.