Wa ke tsara manufofin kimiyya da fasaha a ƙasar nan, kuma ta ina mai walda zai shiga?

Maƙerin Dakata ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin cikinmu, a yi haƙuri da tsawonta. Sana'ata walda, a Kano nake. Ina ƙera injin casar masara da dawa, da na ɓarar gyaɗa, wani lokacin har na matsar mai idan an ba ni aiki. Ƙarfe daga Ƙofar Ruwa nake saye, wani sabo, wani daga hannun 'yan gwangwan. Boris da bel da injin da ke juya shi duk na waje ne. Masu saye na manoma ne da 'yan haya da ke bin gonaki da kaka, kuma duk wanda ya saya sai ya dawo da wani, alhamdulillah.

Abin da ke damuna shi ne, kullum a rediyo sai ka ji an yi taro a Abuja kan kimiyya da fasaha, an ce za a ba kayan gida fifiko. Na ji an ce tun 2018 shugaban ƙasa ya sa hannu a wani umarni mai lamba 5 a kan haka. Amma da idona na ga an sauke injinan casa na waje cike da mota za a raba wa manoma a wata ƙaramar hukuma, irin wanda nake yi, ƙarfensu ma bai kai nawa kauri ba. Da na bi sawu wani ofis, sai aka ce in kawo takardar shaidar inganci. Na ce a ina ake samunta? Wanda na tambaya ya ce shi ma sai ya tambaya.

To su wa ke zama su rubuta waɗannan manufofi? Akwai mai sana'ar hannu ko ɗaya a wurin? Kuma takardar nan wa ke bayar da ita?

Malamin Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari in fara da abin da zai yi maka amfani gobe, kafin mu shiga ƙorafi.

Hukumar da aikinta ya haɗa da gwada injinan noma ita ce NCAM, cibiyar bunƙasa noma da injina ta ƙasa, tana kusa da Ilori. Suna auna buhu nawa inji ke cashewa a awa, ƙwaya nawa yake fasawa, nawa ke bin ƙaiƙayi. Ita kuma SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ita ke ba kayan da aka ƙera a gida shaidar inganci. Sannan a nan Kano ɗinku akwai cibiyar renon masu ƙirƙira ta gwamnatin tarayya, ƙarƙashin hukumar NBTI, an yi ta ne domin irinku. Amma ka fara yi wa shagonka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin ba a ba da kwangilar gwamnati ga wanda ba shi da rajista komai kyan aikinsa.

Batun umarni na 5 kuwa, gaskiya ne, Buhari ya sa masa hannu a Fabrairun 2018, kuma kafin shi akwai na 3 da Osinbajo ya sa wa hannu a 2017 yana muƙaddashi, wanda ya ce a fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati. Sai dai ma'aikatu da hukumomin tarayya waɗannan umarni suka hau kansu. Jiha ko ƙaramar hukuma da ta sayi kaya da kuɗinta ba ta karya su ba.

Su wa ke zama? Akwai majalisar ƙasa kan kimiyya da fasaha, inda minista ke haɗuwa da kwamishinonin jihohi da shugabannin cibiyoyin bincike, kowa ya kawo takardar buƙatunsa. Manufar farko an fitar da ita a 1986, aka sake wata a 2012, aka kuma sabunta ta a 2022. Takardun ba su da laifi, na karanta. Kuma tun a Legas a 1980 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arziƙinsu kan bincike, aka sake jaddada shi a Khartum a 2006, mu dai har yau ba mu kai ba.

Amma ni ko kuɗin ba shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba. Mu malaman jami'a ana ƙara mana girma ne da yawan maƙalun da muka wallafa. Ɗalibi zai ƙera injin casa a shekararsa ta ƙarshe, a gwada, a rubuta sakamako, a ba shi digiri, injin ya tafi bayan ɗakin gwaji ya yi tsatsa. Ba wanda aka ɗora wa alhakin ya kai zanen nan Dakata ya ce Malam ga wannan, gwada ka gani. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ake cira daga ribar kamfanoni, kashi 2 da farko har aka kai shi 3 a 2023, makarantun gaba da sakandare na gwamnati yake tafiya. Kai da ke ƙera abin da manomi ke saye da kuɗinsa ba ka cikin lissafin.

Inda aka haɗa wannan gada kuwa an ga aiki. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, ya rage feshi daga sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu a damina. Na san akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wannan wata muhawara ce daban. Abin lura shi ne an tanadi kamfanonin da za su ninka irin da malaman gona da za su nuna shi a gonakin gwaji tun kafin a sake shi.

'Yar Funtuwa ta amsa:

Dakta ka faɗi gaskiya, amma ko an kai abu hannun kamfani ba a tsira ba. Ni harhaɗa magunguna na karanta, kuma ina da ƙane mai sikila, shi ya sa labarin maganin sikila na Niprisan ba ya barin raina. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ce ta samar da shi a shekarun 1990 daga wani haɗin gargajiya. Abubuwan da ke ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da kowace tsohuwa ta sani. An gwada shi, an ga yana rage yawan tashin ciwon. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin sarrafa shi, suka fito da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Ba a jima ba kamfanin ya durƙushe, magani ya ɓace daga kanti, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar yara masu sikila. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da kamfanin magunguna na May & Baker. Shekarun da ke tsakani iyaye ne suka biya su.

Don haka ni a ganina duk manufar da ba ta faɗi abin da za a yi idan mai lasisi ya gaza ba, ba ta cika ba. Malam mai walda, ka yi hattara kai ma, kar ka miƙa wa kowa zanen injinka ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Yarana, duk kuna zagaye ne. Ku sake karanta abin da maƙerin nan ya rubuta: boris na waje, bel na waje, inji na waje, ƙarfen ma rabi na gwangwan. Mu da muka fara aiki lokacin da aka aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da taimakon Tarayyar Sobiyet, an gaya mana nan da 'yan shekaru za mu daina sayen ƙarfe daga waje. An gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo domin su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga masana'antar ƙarfe ta Aladja. Yau na yi ritaya, jikokina sun shiga jami'a, babbar tukunyar narka ƙarfe ta Ajaokuta ba a taɓa hura ta ba. Ƙasar da ba ta narka ƙarfenta, wutarta kuma ba ta tsayawa, me za ta tattauna a taron fasaha? Muka tsallake wannan muka tafi harba tauraron ɗan'adam. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ko shekara biyu bai yi ba ya mutu.

Ɗan Kazaure ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, a kan ƙarfe ba ni da ja. Amma a yi wa taurarin adalci. Wanda ya lalace a 2008 an maye gurbinsa da NigComSat-1R a 2011. NigeriaSat-1 na 2003 kuwa yana cikin waɗanda suka fara aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Kuma NigeriaSat-X injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey ta Ingila. Matsalar irin wadda Dakta ya faɗa ce: ga hotunan da za su nuna inda ambaliya za ta bi a kwarin Haɗeja, amma tsakanin mai hoton da mai gonar shinkafa babu ɗan aike.

Maƙerin Dakata ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na ji gargaɗinki, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Baba kuma maganar wuta ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, domin abin da janareta ke sha a wata ya fi albashin yaran shagona biyu.

Dakta, rajistar CAC ina da ita. Ilori ce ta yi min nisa, kuɗin ɗora inji a mota zuwa can da dawowa ya kusa kuɗin injin kansa. Mu masu wannan sana'a a unguwarmu muna da ƙungiya, muna taro duk ƙarshen wata. Idan muka haɗa injina biyar ko shida wuri ɗaya, za su iya turo ma'aikatansu su gwada a nan Kano? Sannan waɗancan injinan ɗalibai da ka ce suna tsatsa, akwai hanyar da za mu zo mu gan su?

Malamin Samaru ya amsa:

Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, da hatiminta, ba da sunan mutum ɗaya ba, ku nemi a faɗa muku sharuɗɗa da kuɗin gwaji a rubuce. Ku aika kwafi ga kwamishinan da ke kula da kimiyya da fasaha na jiha, domin shi ke da kujera a waccan majalisar da na ambata, kuma da wuya a ce ya taɓa samun takarda daga masu walda. Batun zuwa ganin injina kuwa, wannan a hannuna yake. Ku bari a gama jarrabawa, ku zo mutum uku ko huɗu da safe, ku taho da tef ɗin awo. Akwai wani na ɓarar gyaɗa da ke fasa ƙwaya fiye da kima, mun kasa gane ko tazarar raga ce ko gudun juyawa, ina so ka duba min shi.