Wata takwas ina sujada a nan, har yanzu baƙuwa ce ni

'Yar Garkida:
Salama gare ku 'yan'uwa. Cikin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, na girma, a Garkida, garin da aka fara sujada a gindin tsamiya tun 1923. Mahaifiyata ce mai buga tulu a Zumuntar Mata, ni kuma tun ina ƙarama nake cikin mawaƙa. Aiki ya kawo ni Kaduna. Ni nas ce, wani mako dare, wani mako rana. Wata takwas ke nan ina zuwa wata majami'a kusa da gida, ina ba da baiko, ina fitar da zakka, amma da an yi addu'ar rufewa sai in saɓa jakata in wuce. Watan jiya ɗana ya kwanta kwana biyar, ko mutum ɗaya bai leƙo mu ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Ga shi matan zumunta ranar Talata da la'asar suke taruwa, lokacin ina bakin aiki. Yaya zan yi?

Mama daga Sabon Tasha:
Sannu 'yata, yaya jikin yaron? Kada ki ji haushina, amma wa kika gaya wa ba shi da lafiya? Wanda bai san ƙofar gidanki ba, ta ina zai zo gaisuwa? Lahadin nan ki tsaya bayan an tashi, ki nemi shugabar mata, ki ce a rubuta sunanki, ki sayi zanen zumunta. Ko sau ɗaya a wata kika samu zuwa, ya isa a san fuskarki. A wurinmu akwai masu aikin dare, ranar Asabar suke fitowa sharar majami'a. Rabin ƙawayena da tsintsiya a hannu na same su.

Wani dattijon ikilisiya:
Ni ban ɗora miki laifin duka ba. Wata takwas tunkiya tana shiga tana fita, makiyaya ba su lura ba? Wannan namu ne, mu dattawa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su tsawata wa masu kukan ba, mutum bakwai aka zaɓa don aikin. Ki faɗa wa fasto abin da ya faru, ya kamata ya ji. Sannan ki ce masa ke nas ce. Tsofaffinmu nawa ke yawo da hawan jini ba su sani ba? Teburi ɗaya a bakin ƙofa da abin awo, bayan sujada.

'Yar Garkida:
Na gode Mama, yaron ya warware. Gaskiya ban gaya wa kowa ba, na ɗauka kamar gida ne, inda labari ke kai kansa. Baba, abin awon yana cikin jakata kullum. Lahadin nan ba ni da aiki, zan tsaya in ga fasto.