Ƙaunar sadaukarwa: ina iyakarta?

Tambaya:
'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. A wa'azin Lahadi an karanta mana Yohanna 15:13, inda Yesu ya nuna cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa domin abokansa. Tun daga ranar nake tunani, domin shekara biyu ke nan ina jinyar mahaifiyata, kuma a gaskiya na gaji. Shin gajiyata alama ce ta ƙarancin bangaskiya?

Amsa ta farko:
'Yar'uwa, ko kaɗan. Ubangiji da kansa ya yi baƙin ciki a Getsamani, har ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi. Idan shi ya nemi abokan tsayawa, ke ma ki nema. Ki sanar da Fada ko shugabannin zumuntar mata, domin kulawar Allah sau da yawa ta hannun 'yan ikilisiya take zuwa.

Amsa ta biyu:
Mutane kan tuna da Fada Maximilian Kolbe, wanda ya karɓi mutuwa a madadin wani fursuna a Auschwitz, sansanin fursunoni na 'yan Nazi, a 1941, amma ni wanke ƙafafun da muke yi a ranar Alhamis Mai Tsarki ya fi taɓa zuciyata, saboda hidima ce ta ƙasƙanci irin wadda kike yi kullum ba tare da an gani ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan ga Fada bayan sujada, in roƙi a riƙa kawo wa Mama jibin Ubangiji a gida.