Yaƙi Za Ta Je Ko Biki? Abin da Na Tsinta a Hirarmu ta Jidda

Daren Alhamis bayan isha'i muna gidan kawu a Jidda, shayi na zagayawa, samari na buga PlayStation a falo. Kawu ya hango wata jaruma a allo, takobi a hannu, cibiya a waje, takalmi mai tsini. Ya ce, "Wannan yaƙi za ta je ko biki?" Nan hira ta ɓalle.

Kusan kowa ya yarda sulken da ya bar ciki da cinya a buɗe ado ne kawai, tunda namijin da ke gefenta an lulluɓe shi da ƙarfe har wuya. Wani ƙanenmu ya ce ai wasa ne, ba gaskiya ba. Anti ta ce to me ya sa rashin gaskiyar bai taɓa shafar maza haka ba? Ni dai ina bayanta.

Shawarar da ta fi karɓuwa: kafin a sayi wasa, a duba alamar shekaru a kwali, a kuma kalli bidiyon wasan. Wasanni kamar Tekken 8 suna barin mutum ya sauya wa jaruma kaya, sai a shiga a zaɓi mai sutura, kada a kashe riyal kan tufafin tsiraici.

An kawo misalin Lara Croft, jarumar wasan Tomb Raider, wadda ta koma sa dogon wando a fitowar 2013, da Mortal Kombat 11 na 2019 da ya ƙara rufe matansa. Amma fa zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat bai ragu ba, don haka kawu ya ce ban da yara.